'Yata Ta Yi Cinikin Dala 48,000: Yaya Za Mu Nuna Shi a Takardar Neman Jami'a?

Tambaya: "Malam, a Bronx muke zaune. 'Yata shekarunta 17, a nan aka haife ta, za ta shiga aji 12, ajin ƙarshe na sakandare. Tun tana 14 take yi wa mata ƙunshi lokacin Sallah da biki, daga baya ta fara sarin mayafai tana sayarwa ta Instagram da shafin ciniki na Etsy. Bara ta yi cinikin dala 48,000, har ƙawayenta biyu na taya ta tana biyansu. Asusun duk da sunana aka buɗe saboda shekarunta. Babanta ya ce a sa adadin kuɗin a layin farko na rubutunta, ita kunya take ji, ni kuma bakin mutane nake tsoro. Akwai kuma shekarar da hannun wata kwastoma ya yi ƙuraje saboda baƙin lalle, wannan na ce kar a ambata. Yaya za mu yi?"

Hajiya, Allah ya yi wa yarinyar nan albarka, ya ƙara buɗi. Na daɗe ina aikin ba ɗalibai shawara kan shiga jami'a a wata sakandaren gwamnati a nan New York, na kuma taɓa zama cikin masu karanta takardun neman gurbi na wucin gadi a wata jami'a har shekara biyu. Da abin da na gani a wuraren nan biyu zan amsa miki. Alhaji bai yi kuskure ba da ya ce a rubuta adadin, wurin ajiye shi ne bai dace ba. Ke kuma abin da kika ce a binne, shi ne kaya mafi tsada a hannun yarinyar.

Bari in fara kawar miki da maganar bakin mutane, don ita ce mai sauƙi. Takardar neman gurbi ba a kafa ta a allon masallaci. Ma'aikatan ofishin ɗaukar ɗalibai ne kaɗai ke ganinta, mutanen da ba su san ki ba, ba su san unguwarku ba, ba kuma za ku haɗu da su a gidan suna ba. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ki yi mata addu'ar tsari kamar yadda kika saba, sannan a rubuta gaskiya.

Wanda zai karanta takardar kuwa, ba mai zuba jari ba ne. A manyan jami'o'i da yawa mutum biyu ne ke zama gefe da gefe, ɗaya na duba sakamako ɗaya na duba rubuce-rubuce, su gama da ɗalibi cikin minti takwas zuwa goma su wuce na gaba. Jami'ar Pennsylvania ce ta fito da wannan salon, wasu suka kwaikwaya. Abin da idonsu ke fara sauka a kai shi ne takardar sakamako: waɗanne darussa ta ɗauka, masu wuya ne ko na lallaɓawa, me ta ci. Kusan kowace jami'a na wallafa wani rahoto mai suna Common Data Set, kuma a sashensa na C7 takan jera abin da take dubawa da nauyin kowanne. Ki sa yarinyar ta buɗe na jami'o'in da take so. Za ta ga wahalar darussa da maki a sahun gaba kusan ko'ina, ayyukan wajen aji da aikin neman kuɗi na biye. Kasuwanci yana ƙara wa sakamako mai kyau daraja. Ba ya rufe ramin sakamako marar kyau, sai dai ya yi bayanin yadda aka yi ramin.

A 2025 an yi ta cece-kuce a kan wani yaro mai suna Zach Yadegari, ɗan shekara 18 daga jihar nan ta New York, wanda shi da abokinsa suka ƙirƙiri manhajar Cal AI mai ƙiyasta ƙarfin abinci daga hoto. Makinsa na makaranta 4.0, wato cikakken maki, ya ci 34 cikin 36 a jarrabawar shiga jami'a ta ACT, kuma ya ce manhajar na kawo miliyoyin daloli. Ya nemi jami'o'i 18, guda 15 suka ƙi shi, ciki har da Harvard da Stanford da MIT. Ya ɗora rubutun da ya tura musu a shafin X, jama'a suka yi ca, da yawa na cewa rubutun ya nuna wanda ya riga ya ƙoshi, bai nuna abin da zai zo nema a aji ba. Ƙarshe Jami'ar Miami ya tafi. Jami'o'in ba sa faɗin dalilin ƙin mutum, kuma inda ake ɗaukar wajen huɗu cikin ɗari kamar Harvard, ana ƙin nagartattu kullum. Amma ki gaya wa Alhaji wannan: idan miliyoyi ba su buɗe ƙofar da kansu ba, dubu 48 ma ba za su buɗe ta da kansu ba.

To ina adadin zai zauna? A fom ɗin Common App, wanda jami'o'i sama da dubu ke karɓa, akwai sashen ayyuka. Gurbi goma ne. Kowane gurbi ana ba da harafi 50 na matsayin da mutum ya riƙe, harafi 100 na sunan wurin, da harafi 150 na bayani. Harafi fa, ba kalma ba, kuma tazarar da ke tsakanin kalmomi ma ana ƙirga ta. Nan ne gidan lamba. Ta sa kasuwancin a gurbi na farko, ta zaɓi rukunin aikin da ake biya, domin babu rukuni na musamman na 'yan kasuwa.

Da Turanci za ta rubuta, amma ga misalin bambancin da Hausa. Abin da yara suka fi kawo mini ga irinsa: "Shugaba kuma mamallakiyar kamfanin kwalliya mai tasowa da ke ƙarfafa mata da bunƙasa al'adu." Babu abin da mai karatu zai kama a nan, iska ce. Ga wanda nake so: "Ƙunshi da sayar da mayafai. Ciniki dala 48,000 a bara, oda 900, ma'aikata 2. Ni ke sari, sa farashi, lissafi da aika kaya." Adadin odar na ƙaga shi ne don misali, ita ta sa nata na gaskiya. Kin ga jimla ta ƙarshe? Ita ce ke amsa tambayar da ke zuciyar duk mai karanta irin wannan: yarinyar ce ke yi, ko uwar ce ke yi aka rataya wa yarinyar?

Sai a kula da kalmar da aka sa a gaban kuɗin. Duk wanda ya taɓa zama a rumfa ya san ciniki daban, riba daban. Dala 48,000 da kika faɗa ciniki ne, kuɗin da ya shigo. A cire kuɗin sari, kuɗin aikawa, kason Etsy, ladan ƙawayen nan biyu, kayan da aka dawo da su, abin da ya rage shi ne riba, wataƙila ma bai kai kashi ɗaya cikin uku ba. Turanci ma ya raba kalmomin nan biyu, kuma masu karatun sun san rabewar. Idan ta rubuta cewa ta "samu" dala 48,000 alhali ciniki take nufi, sai wani tsohon ɗalibi da ke yi mata ganawar baka ya tambaye ta nawa ke saura a kan kowane mayafi, ta tsaya tana kallon sama, an gama. Ni na fi son in ga an rubuta duka biyun. Yarinyar da ta ce cinikina kaza, ribata kaza, ta nuna ta san lissafi, kuma wannan ya fi girman adadin burge mai karatu.

Muƙami ma kar a kumbura shi. Masu karatu sun gaji da 'yan shekara 16 da ke kiran kansu babban shugaban kamfani alhali kamfanin shafin Instagram ne mai hoto tara. "Wadda ta kafa kuma take gudanarwa" ya isa. Fom ɗin zai kuma tambayi awa nawa a mako, mako nawa a shekara. Kasuwancin ƙunshi na da kaka: makon Sallah ba barci, tsakiyar sanyi shiru. Ta ɗauki matsakaici ta rubuta. Na sha ganin yaro ya tara awoyin ayyukansa goma sun haura 70 a mako, ga makaranta, ga barci, alhali mako duka awa 168 ne. Masu karatu na tarawa. Af, kar ta manta Islamiyya da renon ƙanne da girkin gida suna da rukuninsu a wannan sashen. 'Ya'yanmu sukan bar su a waje don suna ganin ba abin faɗa ba ne, alhali su ne ke nuna inda sauran lokacin ya tafi.

Yanzu babban rubutu, wanda bai gaza kalma 250 ba bai wuce 650 ba. Nan Alhaji yake so a buɗe da kuɗi, nan kuma nake roƙonsa ya haƙura. An riga an faɗi adadin a sashen ayyuka, maimaita shi ɓarnar wuri ne. Aikin wannan rubutun ɗaya ne: mai karatu ya ji yadda kan yarinyar ke aiki idan abu ya cakuɗe. Labarin nasara tsantsa ba ya nuna haka. "Na fara da dala hamsin, na sha wuya, ban karaya ba, yau ga ni." Na karanta wannan ya fi a ƙirga, daga mai wankin mota, daga mai sayar da takalma, daga mai gasa biskit, duk ɗaya suke fitowa kamar an buga su a injin guda.

Labarin hannun kwastomar nan kuwa, 'yarki kaɗai ke da shi.

Ki zaunar da ita ki tambaye ta ranar, dalla-dalla. Wa ya kira, da wane lokaci? Da aka turo hoton hannun, zanen fulawar da ta yi da kanta ya tashi ya zama ƙuraje a kan fatar mutum, me ta fara yi? Ta mayar da kuɗin? Ta je dubiya? Ta kira sauran waɗanda ta yi wa da wannan kwabin? Abin da ya fi jawo irin wannan a baƙin lalle, wanda muke ce wa dayis, wani sinadarin rinin gashi ne da ake taƙaita sunansa PPD. Hukumar FDA mai kula da abinci da magunguna a Amurka ba ta yarda a shafa shi a fata ba, kuma wanda jikinsa ya taɓa ƙin sa yakan zauna da wannan har tsawon rayuwa, ko rinin gashi ya shafa daga baya sai ya tashi. Jan lalle na ganye kuwa launinsa daga wani sinadari ne da ke cikin ganyen kansa, mai kama furotin ɗin fata a hankali, shi ya sa yake son awoyi kafin ya nuna. Idan 'yarki ta bi diddigin wannan da kanta, ta karanta bayan kwali, ta daina baƙin, amare suka yi fushi don suna son wanda zai fito raɗau a hoto cikin rabin awa, wasu suka koma wurin wata, cinikin Sallar ya ragu ta kuma tsaya a kan bakanta, to rubutunta ya riga ya rubuta kansa. Ga kimiyya a ciki, ga amana, ga asarar da aka ɗauka da gangan.

Idan kuma ba haka aka yi ba, kar a ƙaga. A rubuta abin da ya faru, ko da abin da ya faru shi ne ta ɓuya a ɗaki kwana biyu ke kika je ba da haƙuri, sai daga baya kunyar hakan ta sa ta gyara. Wannan ma labari ne, wataƙila ma ya fi. Sharaɗi ɗaya: kar sunan kwastomar ko wata alamar da za a gane ta ya shiga. Idan kuma maganar ta kai ga lauya ko ba a rufe ta ba, a nemi wani labarin: dilar mayafan da ta iso launi ba shi ba ana saura kwana goma Sallah, ko ranar da ta gane ta wata uku tana sayar da wani samfuri a kan faɗuwa, ko yadda ta iya gaya wa ƙawarta da take biya cewa aikinta bai yi ba.

Kunyar da take ji na fahimce ta, mu duka da ita aka rene mu. Yabon kai jahilci, haka aka ce mana. Amma ki lura, karin maganar yabo ta hana, ba ta hana bayani ba. "Ni haziƙa ce mai hangen nesa" yabo ne, kuma ko Ba'amurken da ke karatun ba ya son sa. "Na ƙirga na ga kowane mayafi na cin dala huɗu a aikawa, sai na fara haɗa odar unguwa ɗaya ina kaiwa da kaina ranar Asabar" bayani ne. Dabarar da nake ba ɗalibaina ita ce su bi rubutun su soke duk wata sifa da suka ba kansu, su bar aikatau kawai: na saya, na ƙirga, na yi kuskure, na kira, na canza. Yaranmu da aka hora da kunya sukan fi iya wannan da zarar sun gane ba kirari ake nema ba. Kuma ta rubuta "ni" inda ita ta yi, "mu" inda ku kuka yi. Idan ke kika ba ta jarin farko, ko kawunta ne ya haɗa ta da mai sari, ta faɗa a jimla ɗaya. Ba ya rage mata komai. Ɓoye shi ne ke sa a yi zargin sauran.

Akwai tambayar da dole rubutun ya amsa ko ba a yi ta ba: mai kasuwa a hannu, me ya kawo ta aji? Amsar da ba ta aiki ita ce "don in haɓaka kasuwancina" ko "don in san manyan mutane". Amsar da ke aiki ita ce iyakar da ta ci karo da ita. Ta ga farashin sari na hawa da sauka da canjin kuɗi da harajin shigo da kaya, ba ta san dalili ba. Ta karanta sunayen sinadarai a bayan kwali, ba ta iya fassara su ba. Wurin da saninta ya ƙare, nan ne dalilin zuwanta jami'a. Yawancin jami'o'i na da ƙananan tambayoyi nasu na "me ya sa mu", a can za ta faɗaɗa wannan, da sunan darasin da take so a wannan jami'ar takamaimai.

Kar dai kasuwancin ya cinye takardar duka. Idan yana gurbin farko na ayyuka, yana babban rubutu, to ƙananan rubuce-rubucen su nuna wata fuskar: karatunta, gidanku, Hausar da take yi da kakarta a waya, duk abin da ke nan.

Sai shaida. Gani ya kori ji, amma mai minti takwas ba zai buɗe shagonta ya ƙirga oda ba, galibi ma ba a buɗe adireshin da yara ke liƙawa. Shaidar da ke aiki ita ce ta bakin wani. Malamin ba da shawara na makarantarsu zai rubuta mata wasiƙa, kuma a makarantun gwamnati irin namu mutum ɗaya na riƙe da ɗalibai ɗaruruwa, ƙila bai ma san tana sana'a ba. Ta je ta same shi a makon farko na komawa, da shafi ɗaya: yaushe ta fara, me take yi, hoton shafin ciniki na Etsy. Jimla ɗaya daga gare shi cewa ya ga littafin cinikinta da idonsa ta fi sakin layi uku daga bakinta. Wasu jami'o'in na karɓar ƙarin wasiƙa daga wanda ba malami ba. Idan an ba da dama, mai sarin da take hulɗa da shi ko mai shagon da ke karɓar kayanta ya fi dacewa, ba ke ba, ba kawu ba, ba kuma wani babban mutum da bai taɓa ganin aikinta ba.

Maganar asusu da sunanki ba abin damuwa ba ce, ƙa'ida ce. Etsy ba ya barin wanda bai kai 18 ba ya mallaki asusu, sai dai ya yi aiki ƙarƙashin na iyaye, kamfanin tura kuɗi na PayPal ma 18 yake nema. Akwai sashen ƙarin bayani a Common App, da kalma 650 ne, daga 2025 aka rage shi zuwa 300. Jimla biyu sun isa a can: asusun da sunan mahaifiyata yake saboda ƙa'idar shekaru, ni ke gudanar da shi, tana duba lissafi tare da ni a ƙarshen wata. Idan makinta ya ɗan sauka a wani zango saboda aiki ya yi yawa, nan ma za ta faɗa a gajarce, ba tare da kuka ba. Wannan sashen ba wurin rubutu na biyu ba ne.

Ana bincike kuwa? Wani lokaci. Jami'ar Kalifoniya, wadda ke da fom nata daban, takan zaɓi wasu masu nema ta ce su kawo hujjar abin da suka rubuta, wanda ya kasa a soke takardarsa. Tun badaƙalar 2019, lokacin da aka kama Rick Singer da iyayen da suka biya shi ya ƙaga wa 'ya'yansu tarihin wasannin da ba su taɓa yi ba, ofisoshin nan suka ƙara buɗe ido. A ƙarshen fom ɗin ɗalibi na sa hannu cewa duk abin da ke ciki gaskiya ne kuma aikinsa ne, jami'a na da ikon janye gurbi ko bayan ta bayar. Na taɓa samun wani ɗalibina da ya rubuta yana da ma'aikata shida. Aka kira ni daga wata jami'a ana tambaya, ni kuma ban san zancen ba. Da na zaunar da shi, ashe ƙannensa ne da 'ya'yan maƙwabta da suka taya shi ɗaura kaya sau biyu ya saya musu fiza. Sana'arsa ta gaske ce, mai kyau ma, amma kalma ɗaya ta sa aka daina yarda da sauran. Laifina a ciki shi ne ban karanta sashen ayyukansa ba kafin ya tura. Tun ranar ban sake barin wannan ya wuce ni ba.

Ga kuma abin da ba ki tambaya ba, wanda ya fi damuna: haraji. A dokar Amurka duk wanda ribar sana'ar kansa ta kai dala 400 a shekara sai ya cike takardar haraji, ko shekarunsa nawa, kuma akwai harajin mai aikin kansa na kashi 15.3 cikin ɗari. Kamfanonin da kuɗi ke bi ta hannunsu da sunan mai asusu suke kai rahoto, wato sunanki. To a takardar wa aka sa kuɗin bara, taki, tata, ko ba a sa ko'ina ba? Wannan ya shafi neman jami'a kai tsaye, domin fom ɗin tallafin karatu na FAFSA daga hukumar haraji ta IRS yake jawo bayanai, kuma na shekara biyu baya yake dubawa: mai shiga jami'a a 2027, kuɗin 2025 za a duba mata. Ba kya so ofishin ɗaukar ɗalibai ya karanta dala 48,000, ofishin tallafi na jami'ar guda ya ga sifili. Ki ga akawun haraji kafin Oktoba, da shi za ku warware yadda ake biyan ƙawayen nan biyu ma. Idan an yi kuskure a baya ana gyarawa, akwai fom ɗin gyara mai lamba 1040-X.

Ki kuma san cewa kuɗin da ke ajiye da sunan ɗalibi ya fi na iyaye rage tallafi. A lissafin FAFSA ana ɗaukar kashi 20 cikin ɗari na ajiyar ɗalibi a matsayin abin da zai iya bayarwa, na iyaye kuwa bai wuce 5.64 ba. Abin da ɗalibi ya samu a shekara ana yafe masa wani adadi, wanda a fom ɗin masu shiga a 2026 dala dubu goma sha ɗaya ne da 'yan kai, abin da ya haura a ƙirga rabinsa. Jami'o'i masu zaman kansu da yawa na ƙara neman wani fom mai suna CSS Profile, shi kuma ya fi tonon silili, har kasuwancin gida yake tambaya. Ban faɗi wannan don a ɓoye komai ba, na faɗa ne don ku san lissafin kafin wasiƙar tallafi ta zo ta ba ku mamaki.

Game da inda za ta nema, abu ɗaya da iyayenmu ba su cika sani ba: Harvard da Yale da Princeton ba su da digirin farko a fannin kasuwanci, sai dai tattalin arziki da makamantansa. Idan kasuwancin take son karantawa tun daga shekarar farko, akwai makarantun kasuwanci irin su Wharton a Jami'ar Pennsylvania, Stern a Jami'ar New York (NYU), Ross a Michigan wadda ke neman ƙarin rubutu kan wata matsalar kasuwanci da ɗalibi ya lura da ita a inda yake zaune, da kwalejin Babson kusa da Boston inda 'yan shekarar farko ke kafa sana'a ta gaske da jarin da makaranta ke ba su rance. Kar kuma a raina na gida. Kwalejin Baruch na nan Manhattan, jirgin ƙasa ɗaya daga Bronx, kuɗinta na jami'ar gwamnati ne, kuma za ta ci gaba da riƙe kwastomominta. Ba dole ne ma ta karanci kasuwanci ba. Mai ƙunshin da ta nemi ilimin sinadarai saboda hannun kwastomarta, mai karatu zai tuna da ita da yamma bayan ya rufe kwamfuta.

Na san 'yan uwa a gida za su karanta wannan su tambayi nasu 'ya'yan. A Najeriya JAMB da jarrabawar tantancewa ta jami'a da sakamakon WAEC ko NECO ne ke magana, babu inda ake tambayar sana'a. A Birtaniya fom ɗin UCAS na ba da harafi 4,000, amma kan darasin da za a karanta ake son a yi magana, sana'a na shiga ne gwargwadon alaƙarta da darasin. Inda irin wannan labarin ke da nauyi sosai shi ne neman tallafi irin na gidauniyar Mastercard, da jami'ar Ashesi a Ghana, da gasar Anzisha ta matasan 'yan kasuwar Afirka masu shekara 15 zuwa 22. Shawarar ciniki da riba da shaida duk tana aiki a can.

Ke da Alhaji kuma, aikinku a rubutun shi ne tambaya da tuni, ba riƙe alƙalami ba. Muryar ɗan shekara hamsin ana gane ta a sakin layi na farko, haka ma wadda manhajar ƙirƙirarriyar basira ta goge ta yi sumul. Common App na buɗewa 1 ga Agusta, masu neman gurbi da wuri galibi 1 ga Nuwamba ne wa'adinsu, sauran kuma farkon Janairu. Kafin a koma makaranta, ta sauke bayanan cinikinta na Etsy na shekarun nan, ta haɗa da littafin ƙunshi idan tana da shi, ta fitar da lamba huɗu: ciniki, riba, yawan oda, da kwastomomin da suka dawo karo na biyu. Daga nan ta rubuta labarin ranar hannun nan shafi biyu ba tare da ta ƙirga kalma ba, da Hausa ma idan ya fi zo mata, ta kai wa malamarta ta Turanci ko ta kawo mini mu rage shi zuwa 650.